Yadda ake haɗa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yara a unguwa, yaran su gina labarin da kansu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yaranmu ba sai an koya musu kwaikwayo ba, sun iya abinsu. Da azumi ya kai goma zaka ga an fito tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya ɗau sanda yana ranƙwafawa yana Tsoho da gemu, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle yana Jatau mai magani, 'yan mata kuma can sun shirya Mairama da Daudu, kuma ba wani malami da ya rubuta musu ko layi ɗaya. Haka wasan 'yar tsana, yarinya 'yar shekara shida zata yi miki biki sukutum tun daga kamu har kai amarya, har yadda uwar miji take taɓe baki in tana duba kayan ɗaki sai ta kwaikwaya, wanda hakan yana nuna maka cewa duk zaman da take yi shiru a gefen manya kallo take tana ajiyewa.

Toh amma da an shigo makaranta sai abin ya canza. Malami zai zauna ya rubuta wasa a kan illar shaye-shaye ko amfanin ilimi, ya zaɓo yara ukun nan da kowa ya san bakinsu a buɗe yake, su haddace, ranar raba kyaututtuka su fito su zubo haddar, a tafa, shikenan sai wata shekara. Ni wannan ina ganinsa kamar ka tauna abinci ka ba yaron da haƙoransa suka gama fitowa ne. Abin da nake so in nuna anan wata hanya ce daban, wadda tambayoyin yaran ne suke zama labarin, kuma yaron da ba'a taɓa jin muryarsa ba shi ma yana samun wurin tsayawa. Malami zai iya, malamar islamiyya zata iya, yaya ko anti da ke zaune a unguwa ma za su iya, kuma kusan ba kuɗin da zaka kashe.

Mataki na farko, iyaye

Kafin ka kira yaro ko ɗaya ka bi gida-gida, ƙafa da ƙafa, banda tura saƙo a WhatsApp. Ka fara da mai unguwa da liman, in a makaranta ne hedimasta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Tambayar da za'a fara yi maka ita ce, fim za ku sa su? Kada ka ji haushi, kada kuma ka ɗauka rashin wayewa ne, uba yana da haƙƙin sanin inda 'yarsa zata je da wanda zata zauna da shi. Ka faɗi komai dalla-dalla, ga rana, ga wuri, ga lokacin tashi, ga manyan da za su kasance a wurin. Lallai a samu babba sama da ɗaya a kowane zama, in akwai 'yan mata a samu mace babba, kuma ƙofa a buɗe duk uwar da take so ta leƙo ta leƙo. In iyayen sun fi son maza daban mata daban, a yi haka, wasan ba zai rage komai ba, tashe ma ai mafi yawa haka ake yinsa. Sannan ka yi musu alƙawarin ba za'a ɗau hoton ɗansu ko bidiyo a sa a intanet ba sai sun yarda, kuma ka cika.

Yara nawa, ina, yaushe

Goma zuwa sha biyar sun isa, in suka wuce haka masu kunya za su ɓace a cikin taro. Kada ka haɗa ɗan shekara 7 da ɗan 13, manyan za su danne ƙananan ko ba da niyya ba, gara ka ware 7 zuwa 9 daban, 10 zuwa 13 daban. Wuri kuwa zaure ya isa, ko aji bayan an tashi, ko inuwar darbejiya in dai ba bakin titi ba ne. Ka zana babban da'ira a ƙasa da toka ko alli, cikin da'irar shi ne dandalin wasa, wajenta wurin 'yan kallo. Sau ɗaya a sati, awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Alhamis ko Juma'a sun fi sauƙi a wurare da yawa tunda ranakun hutun islamiyya da makarantar allo ne. A ajiye ruwan sha.

Sati uku na farko kada a yi maganar wasan kwaikwayo ko kaɗan

Nan ne mutane suke gaggawa. Yaron da yake tsoron a yi masa dariya ba zai ƙirƙiri komai ba, don haka aikin farko shi ne su saki jiki da juna. Ranar farko ku zauna ku sa doka tare, kuma ka bari su ne za su faɗo, kai dai ka tabbata abu uku sun shiga, ba dariyar raini, ba duka ko bulala daga kowa har kai, kuma wanda ya ce yau shi kallo zai yi a ƙyale shi ya yi kallonsa.

Sai wasanni. Akwai na madubi, yara biyu-biyu suna fuskantar juna, ɗaya yana motsi a hankali ɗayan yana binsa kamar shi ne hotonsa a madubi, ba magana, bayan minti biyu a juya. Wannan yana koya musu kallon mutum da kyau. Akwai wanda na fi so, ka ajiye muciya ko faifai ko ƙwarya a tsakiyar da'ira kace wannan ba muciya ba ce, kowa ya shigo ya nuna mana ko mene ce ba tare da ya buɗe baki ba. Na farko zai mai da ita sanda, na biyu bindiga, daga nan sai abin ya fara daɗi don na sauƙi sun ƙare, zaka ga wani ya mai da ita makirfo, wata ta goya ta a baya ta zama jariri, wani ya hau ta ya zama mahayin doki ranar hawan sallah. Kada ka tsayar da wasan da wuri, abubuwan mamaki a zagaye na uku suke fitowa.

Don murya kuma ba sai ka nemo wani abu daga nesa ba. A yi ta maimaita da ƙwaɗo da ƙato suka je neman ƙoto, a hankali sannan da sauri. A sa yaro ya tsaya can ƙarshen fili ya yi sallama yadda na cikin gida zai ji, ko ya yi tallan ƙosai yadda na bayan layi zai ji, amma ba da ihu ba, da numfashi daga ciki. A rufe zaman da kacici-kacici, su ne za su kawo, in sun ƙare su je su tambayo kakanninsu kafin wani satin. Kaga tun nan an fara tura su neman abu.

Sati na huɗu, tatsuniya da kujerar tambaya

Ka ɗauko tatsuniyar da suka sani, misali ta Gizo da hankaki, inda hankaki suke zuwa cin ɓaure a bishiyar da ke tsakiyar ruwa, Gizo ya roƙe su kowa ya ba shi gashi ɗaya ya samu fiffike ya bi su, da aka je kuma haɗama ta sa duk ɓauren da wani ya nufa sai yace shi ya fara gani, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a can. Ka buɗe ta yadda aka saba, ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta, amma in ka zo daidai inda hankaki suka tashi suka bar Gizo a kan bishiya sai ka yi shiru. Kada ka ƙarasa.

Sai ka ajiye kujera ko turmi a kife a tsakiyar da'ira kace wannan kujerar tambaya ce, duk wanda ya zauna a kanta ya zama ɗaya daga cikin mutanen labarin, sauran kuma su tambaye shi duk abin da suke so, shi kuma ya amsa da bakin wanda ya zama. Da farko tambayoyin za su zama na sama-sama, me sunanka, me ka ci. Ka taimaka da tambaya ɗaya mai zurfi sannan ka ja baya. Na ga wata yarinya da tun da aka fara ba ta ce uffan ba sai dai ta riƙe gefen hijabinta tana murzawa, ranar ta tashi da kanta ta zauna tace ita ce ƙaramar hankaka. Wani yaro yace mata, ke me ya sa kika zare gashinki alhali kin san ba zai iya iyo ba? Ta daɗe tana kallon ƙasa sannan tace, ni ban so ba, manyan ne suka ce duk wanda bai zare ba ba za'a ƙara tafiya da shi ba. Wurin ya yi tsit. Wannan amsar ba ta cikin tatsuniya, daga rayuwarta ta fito, kuma daga ita muka samu fitowa guda cif, wato ɓangare ɗaya na wasan, wadda ba wani babba da zai zauna ya rubuta ta.

Aikinka a nan biyu ne. Na ɗaya kada ka gyara amsa, ko da ta saɓa da yadda ka san labarin. Na biyu ka riƙe littafi kana rubuta duk tambayar da aka yi wadda ba wanda ya san amsarta. Hankaka yana cin ɓaure da gaske? Me ya sa gizo-gizo ba ya maƙalewa a saƙarsa? Ƙoƙi ta san inda mijinta ya tafi? In sun juyo sun tambaye ka kuma baka sani ba, kace ban sani ba, wa zamu tambaya. Wallahi jin babba ya faɗi haka yana buɗe wa yaro wani abu a kai, don da yawansu sun ɗauka tambaya alamar daƙiƙanci ce ko rashin kunya.

Sati na biyar da na shida, a fita a tambayo

Yanzu sai a bar tatsuniya a shigo unguwa. Ka tambaye su wane abu ne kuke gani kullum amma baku san yadda yake ba. Za su kawo abubuwa da yawa, mai shayi da ba'a san lokacin barcinsa ba, ungozoma, mai gyaran waya, inda bola take zuwa, inda ruwa yake fitowa. A kaɗa ƙuri'a a zaɓi ɗaya. Wannan salon ba sabo ba ne a wurinmu, tun a shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke fita ƙauyukan da ke kewaye da Zariya su zauna da manoma su ji matsalolinsu sannan a gina wasa da abin da aka ji, mu dai mun rage masa tsawo ne daidai yara.

A ce sun zaɓi ruwa. Sai a raba su uku-uku, kowane rukuni da babba ɗaya. Wasu su je wurin mai garuwa, wasu wurin kaka ta ba su labarin yadda ake ɗebo ruwa a rijiya ko rafi lokacin tana yarinya, wasu wurin mai rijiyar burtsatse. Kafin su fita ku gwada a da'ira yadda za su yi, a gaida mutum da kyau, a faɗi dalilin zuwa, a nemi izini, Baba don Allah muna so mu yi maka tambaya a kan aikinka in ba damuwa, in yace yana sauri a yi godiya a tafi. Kai ma ka riga ka je ka sanar da mutumin tun kafin ranar don kada a tare shi yana tsakiyar neman abincinsa. Kowane yaro ya tafi da tambaya biyu nasa na kansa, kuma ka ce musu banda abin da za su ji akwai abin da za su gani, yadda yake tsayawa, yadda yake riƙe kura in zai hau tudu, tafin hannunsa, kalmar da yake yawan maimaitawa.

In sun dawo zaka sha mamaki. Wani zai ce ya ƙirga jarkokin, sai a tambaya toh nauyinsu nawa, sai ka gaya musu lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kenan kilo 25, in kura tana ɗauke da goma su lissafa da kansu. Yaron da yake gudun lissafi a aji zaka ga shi ne ya fara cewa 250, kuma daga ranar in zai kwaikwayi mai garuwa ba zai tura kurar kamar wasa ba, zai sa kafaɗa ya dage. Wata kuma zata ce ashe yana da 'ya'ya a garinsu, ya ce sai da damina yake komawa. Da yawan yaran nan kullum suna ganinsa a ƙofar gidansu amma ba su taɓa tunanin yana da suna da gida ba.

Gina wasan

Kada ka ɗau biro tukuna. Ka ce kowane rukuni su nuna abin da suka gano da hoto ɗaya na jikinsu, wato su tsaya cak kamar an ɗauke su hoto, ba motsi ba magana. Sauran su zagaya su faɗi me suke gani. Sai ka taɓa kafaɗar ɗaya daga cikin masu tsayuwar kace faɗi abin da ke ranka yanzu, jimla ɗaya kawai. Daga nan ka tafa hannu hoton ya motsa na minti ɗaya, su yi magana yadda ta zo musu. Haka za'a yi ta yi har a tara fitowa biyar ko shida, kowace minti biyu zuwa uku.

Don fitowar ta tsaya da ƙafarta tambaya uku zaka dinga yi musu, wa yake son wani abu a nan, me ya hana shi samu, me ya yi a kai. In ba wanda yake son komai toh hira ce kawai, 'yan kallo za su fara hamma. Misali yarinya an aike ta sayo ruwa kuma ta makara makaranta, mai garuwa yana so ya sayar wa mai gidan biki da zai saye kurar gaba ɗaya, kaga an samu abin ja.

Sai bayan an yi fitowa sau uku ko huɗu ta fara zama iri ɗaya sannan a rubuta, kuma jerin abin da ke faruwa kawai za'a rubuta da jimlar farko da ta ƙarshe ta kowace fitowa, tsakiyar a bar musu. In akwai mai son rubutu a cikinsu shi za'a ba littafin, da boko ko da ajami duk wanda ya fi iyawa. Gaba ɗaya wasan kada ya wuce minti 15 zuwa 20. Kuma don Allah a guji abin nan na fito da wani dattijo a ƙarshe ya tsaya ya yi wa'azin darasin wasan, in wasan ya yi kyau mutane sun riga sun gani. Akwai dabarar da Augusto Boal ɗan ƙasar Brazil ya shahara da ita, a kai wasa daidai inda abu ya cakuɗe a tsaya, a tambayi 'yan kallo wa yake da wata mafita, wanda ya ɗaga hannu ya shigo ya karɓi matsayin ya gwada. Da yara tana aiki sosai, ku fara gwada ta a tsakaninku.

Rabon matsayi, nan ne zuciyar abin

In ka yi sakaci a nan duk wahalar baya ta tafi a banza. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ba mai surutu babban matsayi, mai ƙiba ya zama acici, wanda ya fi kowa duhun fata ya zama mugu, mai tsamin baki ya zama Gizo don a yi dariya, ɗan gidan masu hali ya zama Alhaji, almajiri ya fito a almajiri. Kada ka yi. Wannan tabbatar wa yaro kake da sunan da unguwa ta riga ta laƙaba masa, alhali dalilin tara su shi ne ya gwada wata rigar ya ji yadda take a jikinsa. Kafin a tsayar da kowa a kan matsayi, kowane yaro ya gwada aƙalla uku mabambanta. Mai faɗa a ba shi matsayin wanda ake zalunta, mai sanyi a ba ta sarauniya ko shugabar makaranta ta ba da umarni a bi. Wani zai gano ashe yana iya sa mutane dariya ba tare da shi ake wa dariyar ba, wata zata gano muryarta tana kaiwa ƙarshen fili. Yaro mai i'ina kada a cire shi kuma kada a ƙarasa masa magana, da yawansu in ana waƙa ko ana magana tare a rukuni harshen yana sakin su, a fara da shi daga nan in yana so.

Kuma ba kowa ne zai gano kansa a tsakiyar da'ira ba. Akwai wanda hannunsa ne yake magana, shi zai haɗa kura da kwali da murafan gwangwani. Akwai mai kunne, ita zata kula da sauti. Akwai wanda yake riƙe jerin fitowa a ka ya san wa zai shiga bayan wa, wannan darakta ne a nan gaba ko shugaban wani abu, ka ba shi aikin ka kira shi da sunan aikin a gaban kowa. Mai tsananin kunya a yi masa fuskar kwali, sau da yawa in fuska ta ɓuya baki yana buɗewa.

Minti goma na ƙarshen kowane zama a zauna a da'ira a fita daga matsayi, kowa ya karkaɗe jikinsa ya faɗi sunansa na gaskiya, wannan yana da amfani musamman ga wanda ya fito a mugu don kada a bi shi da sunan har gida. Sai ka tambaya, me ya ba ka mamaki yau, me ya yi maka wuya, me kake so ka gwada wani satin. Banda wa ya fi kowa iyawa, wannan tambayar kada ta shigo ko sau ɗaya.

Wani abu mai nauyi da dole in faɗa. Wasa yana fito da abin da ke cikin yaro, wani lokacin kuma abin ba mai daɗi ba ne. In ka ga yaro yana ta maimaita wani irin duka ko wata irin taɓawa da ta wuce shekarunsa, ko ya fashe da kuka a wata fitowa, kada ka titsiye shi a gaban 'yan'uwansa. Ka canza wasan a hankali, daga baya kai da ɗayan babban ku zauna da shi a gefe inda ana hango ku, ku saurara, kada ku sa masa magana a baki, kada kuma ku yi masa alƙawarin ba wanda zai ji, ku ce za ku gaya wa wanda zai taimaka ne kawai. Sannan a kai maganar ga wanda ya dace a cikin danginsa da za'a iya amincewa da shi, ko shugaban makaranta, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Kayan wasa

Abin da ke gida ya isa. Zanin gado a ɗaura a igiya ya zama labule, auduga gemu, tsohuwar babbar riga, buhu, kwali, kara. Gero a kan faifai in ana juya shi ƙarar ruwan sama ce, tsakuwa a gwangwani, ƙwarya a kife a cikin ruwa ganga ce. Abu ɗaya ya isa ya nuna mutum, hula kawai ko carbi ko gyale. Banda wuta, banda wuƙa ta gaske, banda leda a kai, kuma kada a shafa wa yaro baƙin cikin batir a fuska, gawayi ko alli sun wadatar.

Rihazal da ranar nunawa

Sati uku na ƙarshe ne kawai na maimaitawa daga farko har ƙarshe. Abin da zaka dinga tunatarwa kaɗan ne, kada a juya wa 'yan kallo baya, kada biyu su yi magana lokaci ɗaya, in an yi dariya a jira ta lafa sannan a ci gaba, in wani ya manta abokin wasansa ya jefa masa tambaya a cikin wasan don ya tuno, kada a tsaya ana kallon malam. Ka koma can baya ka zauna, duk wanda baka ji ba ka ɗaga hannu. Saura sati ɗaya a tara ƙannensu a yi musu gwaji da kaya da komai, ƙananan yara ba sa munafunci, inda suka fara wasa da ƙasa toh wurin ya yi tsawo a rage.

Ranar da za'a zaɓa tana iya zama 27 ga Mayu ranar yara a Najeriya, ko 20 ga Maris da ASSITEJ, ƙungiyar duniya ta masu shirya wa yara wasan kwaikwayo, ta ware don wasan kwaikwayo na yara da matasa a duniya, ko ranar ba da sakamako, ko cikin hutun sallah lokacin da dangi suke gida. A yi da rana bayan la'asar don kada a dogara da wutar lantarki ko janareta. Tabarmi a gaba don yara, kujeru a baya don manya, a sanar tun farko cewa ba ɗaukar bidiyo sai wanda aka wakilta. Lallai a gayyaci mutanen da aka je aka yi wa tambaya, mai garuwa da kaka da mai rijiya, a ba su wuri mai kyau, yaran da kansu su kai musu gayyatar kuma su gode musu da baki a gaban jama'a.

In an gama a kira kowa da kowa ya fito, har mai labule da mai gero a faifai, a faɗi sunan kowa da aikinsa. Kada a ba da kyautar gwarzon ɗan wasa, in akwai alewa ko biskit a raba daidai. Sai a ba 'yan kallo dama su yi wa yaran tambaya, kai kuma ka koma gefe ka bar su su amsa, ko sun yi jinkiri kada ka karɓe. Ka roƙi iyaye tun kafin ranar cewa in an koma gida maimakon ka yi ƙoƙari kawai, su tambayi yaron ya aka yi kuka samo wannan labarin, su ba shi lokaci ya faɗa.

Satin da ya biyo baya kada a yi hutu, a haɗu ko na rabin awa ne. Kowa ya faɗi abin da aka ce masa a gida da abin da zai canza in za'a sake. Sannan ka ɗauko littafin nan na tambayoyin da ba'a amsa ba ka miƙa wa ɗaya daga cikinsu ya karanto da ƙarfi, a kaɗa ƙuri'a a kan wadda za'a bi a zango na gaba, kuma wannan karon ka bar manyan cikinsu biyu su jagoranci wasannin buɗe zama, kai ka zauna a wajen da'ira.